Yawon shaƙatawa a kogi: inda ido ya ga lafiya, nan cuta take kwana

Jirgin ya bar mashiga tun da sanyin safiya, inji yana ruri a hankali, fasinjoji suna zaune a ƙarƙashin rumfa suna kallon bishiyoyin da suka sunkuyo kan ruwa da tsuntsayen da ke tashi daga cikinsu. Da rana ta take, zafi ya fara dukan rufin, sai matuƙin ya karkata zuwa wani lungu inda ruwa ya kwanta lumui, ya kashe inji domin a huta. Wurin gwanin sha'awa ne: ganyen bado ya shimfiɗu a kan ruwa, kainuwa tana yawo a gefe, ana hango yashin ƙasa garau. Wani ya tuɓe takalmi ya zura ƙafafunsa, wata ta sauka ta shiga iya gwiwa don a ɗauke ta hoto, yara biyu kuma suka faɗa suna ta facaka har kusan minti goma kafin a kira su. Babu wanda ya sha ruwan, babu abin da ya ciji kowa, aka koma jirgi ana raha. A koguna da tafkuna da yawa na ƙasashe masu zafi, waɗannan mintuna goma sun fi sauran awa shida na tafiyar haɗari ga lafiyar matafiyan.

Abin da mutum ya saba tsoro a kogi shi ne abin da idonsa ke iya gani: kada, dorina, igiyar ruwa, kifewar jirgi. Tsoron yana bisa hanya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma rigar kariya daga nutsewa ita ce abu na farko da ya kamata a tambaya kafin a sa ƙafa a jirgi. Sai dai wannan haɗari ne da ke aukuwa nan take, kowa ya gan shi ya san musabbabinsa. Cututtukan ruwa kuwa halinsu ya sha bamban ta fuska biyu. Wurin da ido ya fi amincewa da shi, wato ruwa mai kwanciya marar zurfi a bakin gaɓa, sau da yawa shi ne matattararsu. Sannan tsakanin shiga ruwa da kwanciya ciwo akwai ratar kwanaki ko makonni, wani lokaci ma shekaru, har mai ciwon ya manta da kogin, likitansa kuwa bai ma san an je ba.

Wadda ta fi cancanta a daɗe a kanta ita ce tsargiya, da aka fi sani da fitsarin jini, likitoci kuma suke ce mata bilhaziya, daga sunan Theodor Bilharz, likitan nan Bajamushe da ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851 yana binciken gawa. Cutar ta girme shi nesa ba kusa ba, domin a 1910 an samu ƙwayayen tsutsar a cikin ƙodar gawarwakin mutanen Masar na da, waɗanda aka adana kimanin shekara 3,000. An samu rahoton yaɗuwarta a ƙasashe sama da 70, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 250 ne suka buƙaci maganinta a 2021, kusan kashi 90 cikin ɗari daga cikinsu a nahiyar Afirka. Sauran suna warwatse a Birazil, da Yaman, da wasu yankunan Sin da Filifin da Indonusiya, da kuma wani sashe na kogin Mekong a Laos da Kambodiya.

Ba a kamuwa da tsargiya daga mutum kai tsaye, sai ta bi ta cikin dodon koɗi na ruwa, kuma wannan ne mabuɗin fahimtar komai game da ita. Mai ɗauke da cutar yana fitar da ƙwayayen tsutsar a fitsari ko bayan gida. Idan suka shiga ruwan daɗi sai su ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya yi ta iyo yana neman irin dodon koɗin da ya dace da shi, in bai same shi cikin 'yan awoyi ba ya mutu. In ya same shi ya shige jikinsa ya hayayyafa, bayan mako huɗu zuwa shida dodon koɗin ya fara amayar da dubban 'ya'yan tsutsa cikin ruwa, kowanne tsawonsa bai wuce rabin milimita ba, da wutsiya mai baki biyu da yake iyo da ita. Waɗannan su ne ke neman fatar mutum. Ba sa bukatar rauni ko tsaga, domin suna da sinadarin da ke narka fata mai lafiya, cikin 'yan mintuna sun yar da wutsiya sun shige. Robert Leiper, wani masanin tsutsotsi ɗan Birtaniya, shi ne ya warware wannan zagaye a Masar a 1915, ya nuna cewa nau'in da ke zama a jijiyoyin mafitsara da nau'in da ke zama a jijiyoyin hanji kowanne da dodon koɗinsa.

Da wannan za a gane abin da ya sa lungun nan mai kyan gani ya zama abin zargi. Dodon koɗin ba ya son ruwa mai gudu da ƙarfi, ba ya son zurfi. Abin da yake so shi ne gefen gaɓa mai ɗumi inda ciyayi suke, ya manne a bayan ganyen bado ko jikin kainuwa yana kiwo. 'Ya'yan tsutsar manyan nau'o'in Afirka kuma sun fi fitowa da tsakar rana, daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da zafi ke tura mutum cikin ruwa. Tsakiyar kogi mai gudu, wanda ruwansa ya yi jajir da laka har ƙyama ta hana a taɓa shi, haɗarin tsargiya a cikinsa bai kai na wurin da aka zaɓa don hutawa ba, ko da yake ruwa kan kwaso 'ya'yan tsutsar ya yi gaba da su, saboda haka babu sashen da za a rantse a kansa. Ruwan gishiri na teku ba ya ɗauke da ita, haka kuma wurin ninkaya da aka sa wa sinadarin kulorin yadda ya kamata.

Duk abin da ya mayar da ruwa mai gudu ya zama kwantacce gata ne ga dodon koɗi. Bayan kammala madatsar ruwa ta Akosombo a Gana a 1965, tsargiya ta yi katutu a ƙauyukan bakin tafkin Bolta da madatsar ta haifar. A kogin Sanagal, madatsar Diama da aka gama a 1986 ta hana ruwan gishiri hawowa daga teku, ba a yi shekara uku ba sai ga tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll, inda a da ba a san ta ba. Wani abin mamaki ya faru a Turai ma: a 2014 aka gano masu yawon buɗe ido daga Faransa da Jamus sun kamu da fitsarin jini bayan sun yi wanka a kogin Cavu na tsibirin Kosika, binciken ƙwayar halittar tsutsar kuma ya nuna asalinta daga Afirka ta Yamma. Dodon koɗin yana nan tun da can, mutum mai ɗauke da cutar kawai yake jira ya yi fitsari a ruwan. Saboda haka taswirar cuta da aka buga shekara ashirin baya ba ta isa hujjar wanke wani kogi ba.

A ranar da aka shiga ruwa, iyakar abin da wasu ke ji shi ne ƙaiƙayi ko 'yan ƙuraje a inda ruwa ya taɓa, su ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu, da yawa kuma ba sa jin komai. A ciki kuwa 'ya'yan tsutsar suna bin jini, su ratsa huhu, su isa hanta su girma, namiji ya rungume mace a wani kwarmi da ke jikinsa, su tafi tare su zauna a jijiyoyin mafitsara ko na hanji. Tsawonsu santimita ɗaya ne zuwa biyu, suna rayuwa shekara uku zuwa biyar, an ma samu waɗanda suka haura shekara ashirin a jikin mutanen da suka daɗe da barin yankin cutar. Tsutsar kanta ba ita ce ke yin ɓarna ba. Ƙwayayen da macen ke zubawa, ɗaruruwa a kowace rana, su ne matsala, domin wani kaso mai yawa ba ya samun hanyar fita, sai ya maƙale a bangon mafitsara ko hanji ko hanta, jiki ya kewaye shi da kumburi, kumburin ya zama tabo. Daga nan ne jini a ƙarshen fitsari yake fitowa, da toshewar hanyar ƙoda, da taurin hanta da kumburin saifa, da raunuka a al'aurar mata waɗanda ake yawan ɗauka cutar sanyi ce. Nau'in mafitsara yana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Baƙon da bai taɓa haɗuwa da cutar ba yana da wata jarrabawa tasa ta daban. Mako biyu zuwa takwas bayan shiga ruwa sai zazzaɓi ya rufe shi, da busasshen tari, da borin jini, da ciwon kai da gajiya mai nauyi. Ana kiran wannan zazzaɓin Katayama, da sunan wani yanki na Japan inda aka fara bayyana shi. A yi tunanin matar nan da ta shiga iya gwiwa don hoto: ta dawo gida da mako biyar, hotunan ma ta daina dubawa, sai ga zazzaɓi da tari. An gwada ta maleriya ba a samu ba, an ba ta maganin taifod bai yi aiki ba, an duba fitsari da bayan gida ba a ga ƙwai ba domin tsutsotsin ba su fara zubawa sosai ba. Alamar da za ta iya tona asirin tana cikin gwajin jini na yau da kullum, inda wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙi da tsutsa yake hauhawa, amma sai likitan da aka gaya wa labarin kogi ne zai haɗa wannan da wancan. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, wato ƙwayayen su ɓace hanya su sauka a lakar ƙashin baya ko ƙwaƙwalwa. A 1992 hakan ya samu Amurkawa biyu 'yan aikin sa-kai da suka yi iyo a Cape Maclear da ke tafkin Malawi, tafkin da a lokacin ake tallata shi ga masu yawon buɗe ido a matsayin wanda ba shi da cutar.

A nan ne ya kamata a yi wa matuƙin jirgi adalci. Idan aka tambaye shi ko ruwan lafiya ƙalau ne, ya amsa da cewa shi da 'ya'yansa kullum a ciki suke wanka ba abin da ya same su, ba lallai ne ƙarya yake yi ba. Wanda ya tashi a bakin kogi ya kamu tun yana yaro, jikinsa ya saba, zazzaɓin baƙo ba ya kama shi, jini kaɗan a fitsarin yara kuma ba a ɗauke shi ciwo ba a wurare da yawa. Shaidarsa gaskiya ce a kan abin da ya gani, amma ba ta amsa tambayar da aka yi masa ba. Wanda ban yi wa uzuri ba shi ne kamfanin shirya yawo da ke rubuta a takardar tallarsa cewa ruwan wurinsu babu tsargiya, alhali babu wanda ya taɓa kwashe dodon koɗin wurin ya kai ɗakin bincike.

Maganin tsargiya yana nan, mai sauƙi kuma, wato firazikwantel, wanda aka samar a Jamus a shekarun 1970, ana shan sa a rana guda gwargwadon nauyin jiki. Amma yana da sharaɗin da masu gaggawa ke tuntuɓe a kansa: manyan tsutsotsi yake kashewa, ƙanana masu tasowa ba ya yi musu illa sosai. Wanda ya fito daga ruwa ya haɗiye ƙwayar a daren nan yana ganin ya yi dabara, asarar magani ya yi, ya kuma sayi kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Sai an bari mako shida zuwa takwas sun wuce tun daga ranar ƙarshe da aka taɓa ruwan, gwajin jini mai gano cutar ma sai bayan wannan lokaci yake zama abin dogaro, likitoci da yawa har wata uku suke so a jira. Goge jiki da tawul da ƙarfi da zarar an fito yana iya rage 'ya'yan tsutsar da ba su gama shiga ba, amma ba kariya ba ce. Rigakafin allura kuwa har yanzu babu. Ruwan kogin da aka ɗebo don wanka a cikin jirgi yana zama lafiya ta fuskar tsargiya idan aka ajiye shi kwana biyu cur, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka a raye, ko kuma aka ɗumama shi zuwa digiri 50 a ma'aunin Salsiyas na tsawon minti biyar.

Cuta ta biyu ba ta yi suna kamar tsargiya ba, amma ta fi ta saurin kisa. Likitoci suna kiranta leptosifirosis, za a iya ce mata zazzaɓin fitsarin ɓera, ko da yake shanu da karnuka da aladu da namun daji su ma suna zubar da ƙwayar a fitsarinsu. Bakteriya ce siririya mai murɗe kamar igiya, tana iya rayuwa makonni a ruwan daɗi da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ita tana bukatar ƙofa: ɗan yanka a tafin ƙafa, kurjewar da filafili ya yi wa hannu, ido, hanci, ko ruwan da aka haɗiya ba da niyya ba. Lokacinta shi ne bayan ruwan sama mai yawa, sa'ad da ambaliya ta wanke ramukan ɓeraye da garken dabbobi ta zuba a kogi. Wato a nan jan ruwa mai gudu, wanda ya fi sauƙi ta fuskar tsargiya, shi ne abin gudu. Wani babban nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan ɗaya ke kamuwa da ita kowace shekara, kusan 59,000 kuma su mutu.

Masu wasannin ruwa sun ɗanɗana kuɗarta. A 1996 wasu Amurkawa da suka yi yawon kwale-kwale a kogunan Kosta Rika lokacin ambaliya sun koma gida suka kwanta da ita. A shekarar 2000 aka yi wata gasar juriya a jihar Sabah ta Malesiya, a tsibirin Borneo, inda 'yan wasa sama da 300 daga ƙasashe daban-daban suka ratsa daji suka yi iyo a kogin Segama bayan ruwan sama. Daga cikin 189 da masu bincike suka samu zantawa da su, 80 sun yi rashin lafiyar da ta dace da cutar, 29 sai da aka kwantar da su a asibiti. Waɗannan mutane ne ƙarfafa da suka fi kowa lafiya, kuma yawancinsu sai da suka watse zuwa ƙasashensu ciwon ya bayyana.

Yawanci tana farawa kwana 5 zuwa 14 bayan shiga ruwa, da zazzaɓi na farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da ciwon tsoka musamman a sharaɓa, da jan ido marar kwantsa. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne suka fi bambanta ta da maleriya da zazzaɓin dengi, waɗanda take kama da su ƙwarai. Tana da wata yaudara: zazzaɓin kan sauka bayan kamar mako guda, mutum ya ɗauka ya warke, sai ya dawo. Mafi yawan masu ita suna warkewa, amma a cikin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari tana rikiɗewa ta zama abin da ake kira ciwon Weil, da sunan likitan da ya bayyana shi a 1886: ido ya yi ɗorawa, ƙoda ta daina aiki, wani lokaci jini ya cika huhu. Maganin kashe bakteriya irin su doksisaikilin da fenisilin yana aiki sosai idan an fara da wuri, shi ya sa ba a jiran sakamakon gwaji idan labarin mai ciwon ya nuna ta. Wanda ya san tafiyarsa ba za ta yiwu ba sai ya jiƙe, likita na iya rubuta masa doksisaikilin sau ɗaya a mako a matsayin kariya, sai dai wannan ba na masu juna biyu ba ne.

Hanya ta uku ita ce baki, kuma kowa ya san ta, shi ya sa ake raina ta. Kogi shi ne makwararar duk garuruwan da ke samansa, abin da aka zubar a can da safe yana iya iso ka da yamma. Kwalara, taifod, ciwon hanta nau'in A da E, atini, da gudawar da ƙananan halittu irin su jiyadiya ke haddasawa, duk ta wannan hanya suke zuwa. Matafiyi kan rantse cewa bai sha ruwan kogi ba, ruwan gora ya sha tun daga farko har ƙarshe. Amma a tambaye shi da wane ruwa aka wanke kofin, da wane ruwa aka ɗauraye ganye da 'ya'yan itacen da aka ci ɗanye, daga ina aka samo ƙanƙarar da aka jefa a abin sha, da me ya kurkure baki bayan ya goge haƙora, kuma ina bayin jirgin yake zubarwa idan aka kwatanta da inda mai dafa abinci ke jefa bokiti. Sanyin ƙanƙara ba ya kashe yawancin ƙwayoyin nan, ajiye su yake yi. Tafasa ruwa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka ita ce hanyar da ta fi kowace tabbas. Kulorin yana kashe bakteriya da yawancin ƙwayoyin bairos, amma ƙarfinsa yana raguwa a gurɓataccen ruwa mai laka sai an bari ya kwanta an tace, kuma akwai wata halitta mai sa gudawa, kiriptosforidiyom, da kusan ba ta jin sa. Taifod da ciwon hanta nau'in A da kwalara duk suna da rigakafi, ana kuma yin sa makonni kafin tafiya. Idan gudawa ta kama mutum a inda asibiti ke da nisan yini guda a ruwa, abin da ke kashewa shi ne bushewar jiki, abin da ke ceto kuma shi ne ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Kurkunu ma ta baki yake shiga, amma shi kam ya kusa zama labari, daga kimanin mutum miliyan uku da rabi a 1986 zuwa 14 kacal a duk duniya a 2023. Akwai kuma wata halitta da jaridu ke son ba da labarinta, wadda ke zaune a ruwa mai ɗumi, ta shiga ta hanci idan an yi tsalle ko nutso, ta haura ƙwaƙwalwa. Kusan duk wanda ta kama mutuwa yake yi, amma kamuwa da ita abu ne mai wuyar gaske, kuma shan ruwan ba ya kawo ta. Toshe hanci ko barin kai a saman ruwa ya wadatar, tsoron da ake yi mata da za a raba shi a ba fitsarin ɓera da ya fi amfani.

Ko wanda bai taɓa ruwa ko da ɗan yatsa ba bai kuɓuta daga ƙwarin da ruwan ke renawa ba. Sauron maleriya yana fitowa daga faɗuwar rana zuwa asuba, saboda haka jirgin da zai kwana a ɗaure a bakin gaɓa yana bukatar gidan sauro kamar kowane ɗaki. Ɗan baƙin ƙudan da ke kawo makantar kogi a ruwa mai gudu kan duwatsu yake haihuwa, da rana yake cizo, sai dai cutar tana bukatar cizo mai yawa na watanni, don haka baƙon kwana uku ba shi ne abin tausayi ba, mazauna wurin ne. Tsando mai kawo ciwon barci yana son inuwar bishiyoyin bakin rafi a wasu sassan Afirka, yana kuma bin tufafi masu shuɗi ko baƙi.

Duk wannan ba ya nufin a fasa tafiya. Wanda ya zauna a cikin jirgi, ya sha tafasasshen ruwa, ya rufe duk wani rauni da filasta mai hana ruwa shiga, ya sa takalmin roba mai tsawo a wurin hawa da sauka inda dole a taka ruwa, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai. Wurin hawa da saukar nan ne ma aka fi mantawa da shi, domin mutum ba ya lissafa taku biyar da ya yi daga gaɓa zuwa kwale-kwale a matsayin shiga ruwa, alhali mashiga ita ce inda mutane suka fi yawa, inda ake wanki da wanka da fitsari, inda dodon koɗi ya fi samun abin da yake jira. Yara su ne mafi wuyar tsarewa, su ne kuma suka fi daɗewa a ciki idan sun shiga.

In kuwa an riga an jiƙe, abin da ya rage shi ne lissafin kwanaki. A rubuta sunan kogin da ranar da aka shiga a wurin da ba za a manta ba. Zazzaɓin da ya zo cikin mako biyu na farko, a fara da gwajin maleriya a ranar, sannan a ambata wa likita zazzaɓin fitsarin ɓera, musamman in akwai ciwon sharaɓa ko jan ido. Wanda ya zo tsakanin mako na biyu da na takwas tare da tari ko borin jini, a tuna da Katayama. Rashin ƙarfi ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya, domin yana iya zama ƙwayayen tsutsar ne suka sauka a lakar ƙashin baya. Wanda bai ji komai ba shi ma ya je gwajin tsargiya bayan wata biyu zuwa uku, ya kuma sanar da waɗanda suka shiga ruwan tare da shi, domin idan an samu ɗaya a cikin ayari, akan samu wasu da ba su nuna alama ba. Likitan da ke garin da babu tsargiya ba zai tambayi labarin kogi ba, saboda haka mai ciwon ne zai fara da shi tun kafin a ɗauko ma'aunin zafi: ranar kaza na shiga ruwan kogi kaza, iya gwiwa, na kusan minti goma.